Motar da ta je Tsibiri da baya

Maigidana ya dawo daga yaƙin Nasara da kwat mai maɓallan ƙarfe, da tari, da kuma maganar cewa shi direba ne. Kwat kowa ya gani, tari kuwa har maƙwabta na ji ta bayan danga. Maganar tuƙin ce ta rasa mai saye. Wani ɗan garinsu da aka kwashe su tare ya riga shi dawowa Tsibiri, ya zauna a gindin bishiya ya ba da labari cewa shi dai iyakar abin da ya gani a hannun mijina wuƙar feraye dankali ce. Kafin bawan Allah ya sauke jakarsa, an gama yanke masa hukunci a garin ubansa, wai kuku ne.

Da a bakin mutanen gari abin ya tsaya, da da sauƙi. Maganar ta shiga kunnen surukina ta zauna daram. Tsoho ne manomi mai taurin kai, kuma mijina ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunansa ba, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye muddin akwai bango ko sanda da za a faɗa wa. Ranar da muka je gaisuwa, mijina ya durƙusa ya ce ya tuƙa babbar mota cike da sojoji a ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa. Tsoho ya ɗaga sandarsa ya dube ta, ya ce mata, "Wancan da ko jaki sai an riƙa mishi igiya, shi na Nasara za su ba ƙarhensu? A dai ci dankali lahiya."

Ni da mijina muka yi sallama muka fito bayan gari. Can ya tsaya ya ce mini, "Kin ga idonshi?" Na gani. Yanar makanta ta fara hawa, baƙin idon ya soma komawa ruwan toka. Ya ce, "Kahin idon nan ya ruhe, sai ya gan ni bisa mota, hannuna bisa sitiyari, ƙohwar gidanshi." Na ce to, don na ɗauka irin rantsuwar da maza ke yi ne a hanya, wadda ke bajewa da an ci tuwo.

Ni a lokacin ina Sabon Garin Maraɗi, ina matsar man gyaɗa, gujiya a bakinmu, ina tuyar ƙuli-ƙuli. Motocin da ke Maraɗi ba su da yawa, na kamfanonin Nasara ne da ke kwasar gyaɗa, direbobinsu kuma ƴan Dahome, ba sa bari ko inuwarka ta taɓa sitiyari. Mijina ya zaga su duka, kowa ya ce ya dawo bayan kaka. Sai wani ya tsegunta masa cewa akwai motar soja a bakin gulbi wajen Jiratawa, tun lokacin yaƙi ta kafe a yashi, sojojin suka sauka suka tafi a ƙasa, ba su sake waiwayarta ba. Abin da aka sallame shi da shi daga soja, wanda ni tuni na gina ɗakin soro da shi a zuciyata, ya naɗe ya kai ofishin kumandan, Baturen mulki. An ce da ya faɗi abin da yake so ya saya, tafinta sai da ya fita waje ya gama dariya sannan ya dawo ya fassara.

Na bi shi Jiratawa in ga ɗakina da aka mayar ƙarfe. Abin da na tarar ya fi ƙarfin kuka. Gara ta cinye katakon baya, kaji sun mayar da gaban akurki, wani manomi ya jibge karan dawa a ciki. Ƙafafun sun nutse har gindi. Mijina yana zagaya ta yana shafa ta yana cewa, "Irinta ce. Wallahi irinta ce sak." Ni kuwa ina lissafin inda zan sa kaina in an fara dariya a rijiya.

Sai ga wani maƙeri, arne, ɗan guntun mutum mai ƙona-ƙonan wuta a hannu, ya zo ya ce mu yi a hankali, motar da mai ita. Mijina ya ce shi ne mai ita. Maƙeri ya ce a'a, aljanar nan Doguwa ta daɗe da tarewa a ciki, shi ne ma yake kai mata ɗan abin da take so. Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe maƙerin ya shiga gaban motar ya rufe ƙofa, muna jin shi yana ƙus-ƙus, ya fito ya ce ta yarda ta koma tsamiyar da ke gefe, amma ƙofa ɗaya tata ce, ta saba da ita. Haka aka kwance ƙofar ɓangaren direba aka jingine wa tsamiya. Na ce wa mijina ko iskokin Jiratawa sun fi mu iya ciniki.

Ba Doguwa kaɗai ta ci rabonta ba. Da aka tone yashi aka leƙa ƙarƙashi, sai aka ga wurare da yawa wayam. Maƙerin bai ɓoye ba, ya ce ƙarfe ne mai kyau, zunubi ne a bar shi yana kwance. Rabin motar ashe tana noma a gonakin Jiratawa. Mijina ya yi kwanaki yana bin kunya-kunya yana karɓar hauyar mutane yana juya ta, ya ce wannan tawa ce, wannan ma tawa ce. Wasu suka bayar aka ƙera musu sabuwa, wasu suka ce sai bayan girbi. Tunda kuwa maƙerin ne kaɗai ya san abin da ya cire da inda ya cire shi, da aka yi gayya aka jawo motar da shanu zuwa Maraɗi, shi ma sai ya biyo ta da zugazuginsa, ya tare a zaurenmu. Na sami ƙarin baki a tukunya ba tare da an tambaye ni ba.

Ƙofar gidanmu ba ta ɗauke ta ba, sai da aka kwantar da danga. Daga ranar gidana ya tashi daga gida. Tukwanen da nake tuya da su aka jiƙa kusoshi masu tsatsa a ciki. Man da na matsa don kasuwa, in na juya baya sai in ga kwalba ta ragu, an ɗura wa ƙarfe. Tururuwan Sabon Gari kaf suka gano haka, suka yi layi daga bakin titi har cikin inji. Baduku ya yanka fatar akuya aka shimfiɗa a inda ƙarafa ke haɗuwa don kada mai ya zuba. Tayoyin baya babu abin hura su, aka cusa musu harawa tam, awakin maƙwabta suka riƙa zuwa suna zaƙulo ta ta wajen ɓaraka, har mijina ya koma kwana biyu yana gadin taya da bulala. Tukunyar ruwan da ke gaban inji kuwa yoyo take ta ko'ina, aka ce maganinta garin kuka, in ya ji zafi ya yi kauri sai ya toshe ramukan. Kukar miyata ce ta tafi. Na yi faɗa har muryata ta dushe, mijina ya ce, "Yi haƙuri, ran da ta tashi ke za ki hwara shiga." Na ce ni in shiga ina, cikin miya?

Haka damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk ranar kasuwa mijina yakan taka zuwa Tsibiri ya gaida tsoho, ya dawo da awon idonsa. Da farko yakan ce, "Yau tun daga bakin zaure ya gane ni." Daga baya ya koma, "Sai da na matso kusa." Wata rana ya dawo ya zauna a kan matakin motar bai cire takalmi ba, ya ce, "Yau sai da na yi tari." Ranar ban yi faɗan mai ba, ni da kaina na ɗauko kwalbar na ajiye masa. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina da na tausaya, don na san sauran kwalaben ma sun tafi ke nan.

Aiki na ƙarshe da ya rage shi ne wani tulun ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya, ni kabewa nake ce masa don kamarsu ɗaya. A cikinsa akwai wani babban faifai mai haƙora, shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya juya ƙafafu. An fasa kabewar, an wanke komai da toka da mai, an shanya a kan tabarmata ta baƙi. Ana shirin mayarwa sai aka aiko daga bariki, ana neman tsoffin sojoji su je su yi wa kumandan fareti a bikinsu na damina. Mijina ya sa kwat ɗinsa ya tafi, ya ce kada a taɓa komai.

Akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata, malami ne a unguwarmu. Tun da aka kawo motar kullum yana nan da carbinsa, wai ya zo ya ga abin da arnen nan ke yi wa gidan ɗiyarsa. Shi da maƙerin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan cewa rana ta yi zafi. Ranar nan hadari ya taso, suka ga ruwa zai jiƙa kayan, suka ce bari su taimaka su mayar. Ina daka ina jin su. Faifan nan ashe yana zama ta hagu, yana kuma zama ta dama, duk inda ka sa shi sai ya shige lafiya lau. Kawu ya tambayi maƙeri ta ina aka fiddo shi. Maƙeri ya sosa ƙeya ya ce yana jin kamar ta hagu, amma ba zai rantse ba.

"Ai dole ta mutu cikin yashi," in ji kawu. "Mutanen da ka cin abinci da hagu, su yi rubutu daga hagu, mi za su sa ma dama? Abu mai daraja irin wanga, shi ka ɗauke da mota duka, a aje shi hagu awa butar bayi?"

Maƙeri ya dubi hannayensa, ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ni ma masaba dama take. Hagu sai awartaki."

Kawu ya yi bisimilla, maƙeri ya tofa nasa abin da ban ji ba, suka ɗora faifai ta dama, suka rufe kabewa suka ɗaure tam. Har goro suka raba. Da mijina ya dawo ya ga an rufe, ya tambaya, suka ce komai ya koma mazauninsa, har ya fi da. Ya gaji da tsayuwar rana, ya yi musu godiya.

Ranar tayarwa duk unguwa ta taru. Da ƙyar aka samo batir da garwar fetur ɗaya daga hannun wani ɗan Dahome. Ƙartin unguwa suka yi ta karɓa-karɓa suna murɗa ƙarfen da ake zura mata a hanci, har ɗaya ya gurɗe hannu. Can ta yi atishawa, ta yi tari irin na maigidanta, sai ta kama ruri. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, ga ƙamshin tuya, ga na miyar kuka, wata tsohuwa ta leƙo ta ce suna ake yi ba a gaya mata ba? Mata suka rangaɗa guɗa. Mijina ya hau, ya gyara kwat, ya dubi titi ta inda aka kwantar da danga, ya sa giya ta fari.

Mota ta yi baya. Ta bi ta kan murhuna, ta kwashe rumfar da nake tuya, ta tsaya da gindinta cikin rumbun maƙwabci. Mijina ya ce ba komai, hannunsa ne ya manta. Ya sa ta biyu, ta ƙara yin baya da sauri, rumbu ya kwanta. Da ya sa giyar baya kuwa sai ta taho gaba, a hankali, tana ihu tana jan ciki kamar hawainiya. Duk giyoyin gudu sun koma baya, gaba saura guda ɗaya tak, ita ma ta masu jinya.

Ya sauko ya shige ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Kawu, ta wane gehe kunka sa hwaihwan?" Kawu ya gyara rawani ya ce, "Ta inda ya kamata." Ya kuma kawo hujjojinsa, maƙeri yana gyaɗa kai. Mijina bai yi faɗa ba. Ba a zagin kawun mata, kuma in ka kori maƙeri wa zai gaya maka inda sauran ƙarafan suke. Ya ce kawai sai an sake fasawa, a nemo sabuwar fata, a nemo mai, aikin kwanaki ne.

Kwanakin ne ba mu da su. Da la'asar ɗin ranar wata mai kawo gero daga Tsibiri ta biyo da saƙon ƙanwar mijina, wai tsoho ya fara tambayar mutane ko gari ya waye. Mijina ya dubi garwar fetur. In aka tafi da giyar jinya, fetur zai ƙare kafin rabin hanya, miyar kukar da ke tukunyar gaban inji kuma ta tafasa ta ƙone. Ya ce, "Gobe da sahe za mu tahi." Na ce da me? Ya ce, "Da baya."

Ga yadda muka fita Sabon Gari, kuma duk wanda ya gani bai manta ba. An shimfiɗa sababbin katakai a baya, aka kife turmina a can ƙarshe, na zauna a kai ina fuskantar hanya, ni ce idon mota. Mijina ƙafa ɗaya a mataki, ɗaya a kan totur, rabin jikinsa a waje ta inda Doguwa ta ɗauke ƙofa, wuya a murɗe. Kawu yana ciki a zaune yana fuskantar Maraɗi yana jan carbi, ya ce ba zai bar aikinsa ya tafi babu shi ba. Maƙeri yana bisa hancin motar da tulu yana ba ta ruwa. Ni kuwa ina ta ihu, "Jaki! Rami! Tsohuwa da itace!" Mutanen da muka wuce suka rasa gaisuwar da za su yi mana, wasu su ce sannu da zuwa, wasu su ce a sauka lafiya, wani dattijo ya ɗaga hannu ya rasa, ya mayar ya sosa kunne.

A bakin gari akwai gardin kumandan da ke tare motoci masu fita yana neman takardar izini. Ya tsayar da mu, ya zagaya motar, ya tsaya a gabanta ya dubi inda hancinta ke kallo, ya waiwaya ya dubi Maraɗi. Ya sake zagayawa. Ya ce, "Wagga ai shigowa takai. Ni masu hita anka ce in tare." Ya matsa gefe. Da yamma da muka dawo kuwa, hanci na kallon Tsibiri, shi ɗin dai ya tare mu ya ce ina za mu fita ba takarda, sai da kawu ya sauko ya yi masa wa'azi.

Muka shiga Tsibiri da hantsi, gindi a gaba, duk gari na biye da mu. Mijina ya tsayar da ita daidai ƙofar gidan ubansa, ko dangar bai taɓa ba. Cikin taron na hango mutumin nan mai labarin dankali, ya ɗaga murya don kowa ya ji, "Kun gani ko? Ko gaba bai iya ba!" Aka kwashe da dariya. Na dubi mijina, gumi ya jiƙa kwat ɗin, wuyansa ya ƙi komawa daidai, idonsa na kan zaure.

Aka fito da tsoho, ƙanwar mijina na riƙe da hannunsa. Da na ga yadda yake ɗaga ƙafa yana laluben dokin ƙofar da ya shekara da shekaru yana tsallakewa, na san mun makara. Idon ya yi fari fat. Ya juya fuskarsa wajen rurin injin, ya wuce inda ɗansa yake tsaye da hannu a kan sitiyari, bai tsaya a kansa ba. Dariyar mutane ta mutu. Ni dai na ji kamar in sauka in kama hanyar gida a ƙasa.

Tsoho ya miƙa sanda ya taɓa abin da ya fara cin karo da shi, wato katakon baya inda nake zaune. Ya ƙwanƙwasa, ya shafa da hannu, ya ce wa sandar, "Hwaɗin goshi gare ta." Ba wanda ya gyara masa. Ƙanwar mijina ta ce, "Baba, a sa ka ciki ka ji yadda take." Ya janye hannunsa. "Na ji labarinsu. Direba gaba, kowa bayanshi. Ni ban zama ina kallon ƙeyar abin da na haihwa, ko da ido ko ba ido. Ku maida ni ɗaka."

Suruka ba ta tsoma baki a maganar surukinta, balle a gaban jama'a. Amma ni na ba da kukar miyata da rumfata, ba zan koma Maraɗi haka nan ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na dubi katako na ce masa, "Wagga ba haka take ba. Babba ka zama gaba, direba na baya." Tsoho ya ce wa sandarsa, "Haka ta ce?" Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Haka na, Baba. Mu munka gyara ta da hannunmu." Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Aka ɗaga tsoho aka ɗora shi a kan turmi, aka shimfiɗa masa buzu, na koma gefe na tsuguna. Mota ta motsa. Iska ta bugi fuskarsa, gemunsa ya yi baya, ya riƙe hula da hannu ɗaya. Bayan ɗan tafiya ya buga sanda a katako ya ce, "A tsaya." Ta tsaya cak. Ya sake bugawa, ta tashi. Ya yi haka har ya gamsu cewa ba da kanta take yi ba. Sannan ya ce, "Gona." Ya fara ba da hanya daga ka, dama nan, hagu can, don ƙafarsa ta haddace ta tun kafin a haifi kowa a motar. Damar tsoho kuwa hagun mota ce, sai mijina ya juya kowace kalma a kansa kafin ya juya sitiyari, yana leƙe ta gefe, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Ashe tsoho da manufarsa. Maimakon babbar hanya sai ya karkata mu ta wani lungu tsakanin rumbuna biyu na ƙasa, inda raƙumi mai kaya ke gogar gefe in zai wuce. Na ga lungun na ce innalillahi a zuci, na tuna rumbun maƙwabcinmu. Maƙeri ya diro daga hanci ya gudu gefe. Mijina ya rage tafiya, ya ɗan ja gaba da giyar jinya, ya daidaita, ya shigar da ita sannu a hankali. Muna tsakiya tsoho ya miƙa sanda dama, ta taɓa rumbu nan da nan. Ya miƙa hagu, haka. Ya kasa kunne yana jiran ƙarar guga. Muka fita ɗaya gefen, ko ɓarɓashin ƙasa bai zubo ba.

Tsoho ya ɗora sandar a cinya, ya ce mata da ƙarfi, yadda zai ratsa rurin inji ya kai baya, "Kin ji? Ko gogawa babu. Ashe wancan ya iya." Motar ta ɗan yi tangaɗi, karo na farko a ranar. Na leƙa na ga mijina yana goge fuska da hannun kwat, yana ta tarin da ba na tari ba. Ni ma na yi kukana a cikin mayafi, na farin ciki, ban damu da wanda ya gani ba.

Daga nan tsoho ya ɗora mana haraji. Duk ranar kasuwa sai an zo an kai shi gona a dawo da shi, yana bisa turmi yana gaisawa da mutane daga sama. Na ɗauka in an kwana biyu za a fasa kabewa a juya faifai, mota ta fara ɗaukar gyaɗa kamar ta kowa. Baduku ya kawo fata, na tanadi mai. Mijina ya ce ba yanzu ba. Kaka ta zo, fatake suka zo suka duba, suka ce su ba za su ɗora buhunansu a abin da bai san inda ya dosa ba. Ɗan abin da take samu na masu ƙarfin hali ne da ke hawa daga Tsibiri zuwa kasuwa, shi ma a fetur yake ƙarewa. Ƙuli-ƙulina ne ya riƙe gidan, a sabuwar rumfar da na kafa nesa da gindin mota. Na yi mita, na yi gori, na ce wuyanka ya karkace har a salla kana kallon maƙwabcin sahu. Ya ce ba yanzu ba.

Duk Tsibiri kuwa ba wanda ya gaya wa tsoho cewa da baya motar ke tafiya, har mai labarin dankali, wanda daga baya shi ne ke riƙe masa ƙafa in zai hau. Ko ya sani? Makaho ne, ba kurma ba, kuma ya ji abin da aka faɗa a ƙofar gidansa ranar farko. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da sandarsa.

Bayan girbin shekara ta gaba ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka yi sadakar bakwai muka dawo Maraɗi, washegari da safe mijina ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota shi kaɗai. Bai kira maƙeri ba, kawu ya zo ya ce a taimaka, ya ce ya gode. Aikin da ya ce mini na kwanaki ne, kafin la'asar ya gama. Ya wanke hannu da toka, aka murɗa masa, ya hau ya zauna sosai a kujera, ƙafafu biyu a ciki. Ya sa giya, ta tafi gaba sumul, ta fita ta inda danga take, ta miƙe titi. Maƙwabta suka yi ta tafi, ni ma na saki ajiyar zuciya, na ce yau dai za a fara cin abincin mota a gidan nan.

Ba ta kai ƙarshen layi ba ta tsaya. Na jira in ji ta sake tashi, shiru, sai rurin inji. Na ce to, wani abin kuma ya lalace, na yafa mayafi na bi shi da faɗana a baki. Na tarar ba abin da ya lalace. Hanya a buɗe take a gabansa, hannunsa na kan sitiyari, shi kuwa ya zuro rabin jikinsa waje, wuya a murɗe, yana kallon bayan motar da babu kowa a ciki. Na kira shi bai amsa ba. Na tsaya a gefen titi na jira shi.